Kwanon Falmata Yana Nan

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Maraɗi? Yaya Malam da yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan Gure lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san tun da aka yi hutun lakwal, wato makaranta, nake koya wa yarana su Amina tarihin Damagaram a gida. Da muka gama, na ce mu yi wuni guda irin na mutanen da. Na fiddo saƙin Kaka muka ɗaura, muka cire takalma, na tuƙa tuwon gero a tukunyar ƙasa, muka ci a akushi. Amina ta miƙe ta jero sarakuna, ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Muna cikin haka maƙwabciyata Falmata ta leƙo, ba ta tambaye ni komai ba ta juya. Kafin la'asar ta baza wa unguwa wai an kori Baban Amina daga aiki, har mun sayar da kwanoninmu. Sai ga ta da ragowar shinkafa a kwano, ta miƙo mini a gaban mata: "A ba yara, Allah ya kawo sauƙi." Amina ta sha kuka, ta ce ta daina karatun tarihi.

Wallahi ban yafe ba. Kwanonta yana nan na ajiye. Wata mai zuwa ake bikin ɗiyarta. Ranar zan cika shi da tuwon gero, in ratsa tsakiyar taro in miƙa mata, in ce: "A ba baƙi, Allah ya kawo sauƙi."

Ki gaida Inna da kowa, a sa mu a addu'a. Amma kada ki roƙa mini haƙuri sai bayan bikin.

Ƙanwarki,
Zuwaira