A Layin Teloli Ko Kusa Da Shi

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƙananan amarena. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ba ta jin magana.

Bana shekara arba'in da ɗaya da gobarar babbar kasuwa, shekarar da aka haife ki, kuma bana ubanki ya fara riƙe fensir. Rubutun nan nawa ne, kada ki yi wa karkacewarsa dariya.

Malamar ajinmu na manya ta yi mana gwaji: a karanta labari, a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Sai ga gobarar nan a takarda. Aka tambayi inda wutar ta tashi. Amsa biyu kamar tagwaye: "a layin teloli" da "kusa da layin teloli". Labarin ya ce a layin. Ni kuwa da idona na gani, daga bayan layin ta taso, wajen masu kananzir. Na zaɓi "kusa", malama ta ja mini jan biro. Wai ba abin da na sani ake tambaya ba, abin da takarda ta faɗa. Na ce to takarda ta yi ƙarya, na ɗauki sandata na fito.

Kin san abin da ke cina. Aminina tela, wanda ya ɗinka miki rigar makaranta ta farko, da zargin nan ya kwanta dama, wai dutsen gugarsa ne sanadi.

Ki gaida kowa.
Ubanki, Tsohon Mai Rumfa.

Uwata,

Ina sake gaishe ki, ya jikin autarki?

Mako biyu na yi ina fushi da aji. Malama ta biyo ni har ƙofar gida, ta tsuguna ta gaishe ni, sannan ta ɗaure ni da magana ɗaya. Ta ce wanda ya rubuta labarin can bai fi ni sani ba, alƙalami ya riga ni samu. Wanda ya ci jarrabawa shi ake kaiwa ajin dogon rubutu, a can zan rubuta nawa.

Na koma. Yanzu in amsa biyu suka yi kama, sai in ɗora yatsa a kan layin labarin, in duba 'yan ƙananan kalmomin nan masu tsokana: duk, kawai, kusa, yawanci. Jiya na ci takwas cikin goma. Biyun ma da gardama na bar su.

Gobe ce jarrabawa. In na idar da sallar asuba zan feƙe fensir biyu, in riga kowa zama a bencin gaba. In gobarar ta sake fitowa, zan cije in ba su "a layin teloli". Aro ne zan ba su, kafin in rubuta gaskiyar da hannuna. Shafin farko na sabon littafina na tela ne, kuma na riga na iya rubuta "kananzir".

Ki sa ni a addu'a.
Ubanki, ɗan makaranta.