Dogayen Sifikun Falo

Baban yara,

Na kira wayarka ba ta shiga. Kada hankalinka ya tashi in ka ga jini a kan kafet. Na tafi da Auta asibiti, goshinsa ne ya fashe, amma yana magana, da sauƙi.

Ina kicin na ji ƙara. Ashe doguwar sifikar nan ya kama zai hau, ta rikito masa.

Mai shago ya ce yau zai zo jin waɗanda muka zaɓa cikin sifikun gwajin da ya bar mana. Na san dogayen ka fi so, ni ma jiya na ce maka “duk yadda ka gani.” To, na janye. Ka ce ya kwashe su. Ya bar ƙananan a saman kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa, da wufar, akwatin nan mai kaurin sauti, a ƙarƙashin tebur, ita ko an tura ta ba ta faɗuwa.

Gefen wadda ta faɗi ya tsage, kada ka ɓoye masa.

Don Allah kada in dawo da yaron nan in tarar da su a tsaye.

Maman yara