Katin da Na Ƙi Karɓa

Talata, 8 ga Disamba

Rediyo ta karanta sunayen 'yan kokawa goma da za su tsaya wa jihar Maradi a gasar takobi, kuma bana a Maradin za a yi. Yaron nan yana ciki, shi ne na bakwai. Ina tsinkar zogale lokacin, ko kai ban ɗaga ba.

Kafin la'asar gida ya cika da 'yan barka. Na ce su wuce gidan Mata, ita ce uwarsa. Gaskiya kuwa na faɗa. Ɗan fari ne, tun da aka yaye shi gwaggonsa Mata ta ɗauke shi, ita ta sha wahalarsa. Ni ko sunansa ban taɓa kamawa a baki ba, shekara ashirin da shida ke nan. Haka na ga innata ta yi wa yayanmu. Mata kuwa har da guɗa, har da rawa da ƙafarta mai ciwo. Tsohuwa ba kunya!

Alhamis, 10 ga Disamba

Mata ta zo da kati biyu a ƙulle a bakin zane. Wai kowane ɗan kokawa an ba shi biyu, na zaman inuwa, na dukan kwanakin gasa. Ɗaya nata ne. "Ya ce in tambaye ki, ko kina son ɗayan." A gaban maƙwabta uku ta faɗa!

Na ce, "Ni? In zauna ina kallon ƙato da walki yana birgima cikin rairayi? Allah ya sawwaƙe." Suka yi dariya, suka ce Malama Hafsatu akwai kunya irin ta mutanen da. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Katin ya tafi wajen surukinsa.

Da ni kaɗai ta iske... a'a. Haka ma zan ce.

Juma'a, 11 ga Disamba

Ban taɓa ganinsa yana kokawa ba. Ko sau ɗaya. Duk Dakoro sun gani, har mutanen Kornaka ba ni labari suke a kasuwa.

Zan je. Da kuɗina, ba da sanin kowa ba. Ni da na koya wa mata fiye da ɗari biyu karatu a ajin yaƙi da jahilci, 'yar takarda guda ce za ta gagare ni?

Litinin, 14 ga Disamba

Na leƙa meri, ofishin magajin gari, wajen Zaharaddini, wanda uwarsa ta yi ajina. Na ce wata baƙuwa ce ke neman tike na shiga kallon kokawa. Ya ce katunan da aka aiko musu takwas ne, manya sun rarrabe tun kafin ambulan ya huce. Sai ya dube ni ta ƙasan ido: "Mama, in ke ce, ai magana ɗaya za a yi wa ɗanki..." Na ce baƙuwa na ce mishi, ko kunnensa ya toshe ne? Na taso.

Laraba, 16 ga Disamba

Amiru direba ya zayyana mini komai, don kullum yana hanyar Maradi. Ba a sayar da tike sai ranar wasa da safe, taga biyu kacal. Zaman rana dala ɗari, rabin jika ke nan, na inuwa jika biyu. Amma 'yan cuwa-cuwa ke cika layi, su kwashe, su koma gindin itacen bedi su ninka kuɗin. Kuma wanda ya faɗi sau ɗaya, takobi ya wuce shi. Ya ce, "Baƙuwarki ta hanzarta, Malama. Sabon shiga ba ya daɗewa a tsaye."

Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Amiru.

Na shaida wa unguwa zan je Maradi yin tabarau. Ba ƙarya ba ce, idona ya daɗe yana yi mini hazo, jika goma sha biyu na ware don shi.

Juma'a, 18 ga Disamba

Maradi, gidan ɗiyata Hamdiya. An buɗe gasa yau. Daga tsakar gida ana jin ganguna. Gobe tike na hannuna, in sha Allahu.

Asabar, 19 ga Disamba

Daga sallar asuba na wuce. Na iske layi ya kai bakin kwalta! Awa huɗu ina tsaye, wani ya taka mini takalmi har ya tsinke, saura mutum tara tsakanina da taga aka ja ƙyaure. Tike ya ƙare. Nan take wani mai jar hula ya matso: na rana jika uku. Na ce dala ɗari ce ta haihu cikin minti biyar? Ya ce, "Hajiya, gobe jikoki za ta yi." Na ce ya riƙe abinsa. Ba a yi ɗan da zai cuce ni ba.

Yaron nan ya kada na Diffa. A rediyon mai shayi na ji, da takalmi a hannu.

Litinin, 21 ga Disamba

Jiya ma haka. Yau ma haka. Ya kada na Agadas, ya kada na Yamai. Yanzu duk Maradi sunansa take kira, shi ya sa tike ya ƙara tsada. Ka ji wani abu: ɗan da na haifa ne ke tsawwala mini kuɗin ganinsa.

Hamdiya ta ce, "Inna, wane irin likitan ido ne wannan da ake zuwa wajensa da asuba a dawo da rairayi a ƙafa?" Na ce ta kula da tukunyarta. Da yamma na ga ta ajiye mini babban hijabinta mai ruwan toka a kan gado. Yarinyar nan ta cika wayo.

Talata, 22 ga Disamba

Saura mutum takwas da ba su faɗi ba. Gobe zai kama da na jihar Tawa, wanda ya taɓa ɗaukar takobi. Masu shayi sun ce gobe ce ranar faɗuwarsa. Ban yarda ba, amma ba zan yi caca da gobe ba.

Na koma wajen mai jar hula. Ya gane ni, ya washe baki. Na rana, na gobe, zai ajiye mini: jika goma. Na taya biyar, ya juya baya. Bakwai, ya fara kiran wani. Muka tsaya a tara, kuma na ce sai na ga hatimi da kwanan wata da idona kafin in saki kuɗi. Tabarau ya jira baɗi. Ido ai bai tsiyaye ba.

Ban ce an cuce ni ba. Ciniki ne, na yi ragi.

Laraba, 23 ga Disamba

Na shiga.

Benen masu zaman rana, bencin siminti, rana tsaka, mutane kamar a ɗora wani kan wani. Can tsallake na hango Mata a inuwa tana fifita da katinta. Na ja hijabi har gira.

Daga nesa duk ƙattin nan ɗaya suke a idona, walki da layu. Amma da ya fito ban tambayi kowa ba. Tafiyar marigayi ubansa ce sak, kafaɗar hagu gaba. Ashe haka ya cika? Ashe haka yake durƙusawa ya shafi ƙasa kafin ya kama? Shekara nawa ana yin wannan ina gida ina tsinkar zogale.

Sun daɗe a sarƙe, kai da kai. Makaɗa suka sassauta, fili ya yi tsit. Sai na Tawa ya sunkuya ya cafki ƙafarsa ya ɗaga. Yaron nan yana tangaɗi da ƙafa ɗaya.

Wata mata a wajen benenmu ta miƙe tsaye ta ƙwala kiran sunansa. Sau uku. Murya gare ta, irin ta masu koyarwa a fili ba lasifika. Har ya waiwayo.

Ya ƙwace ƙafar, ya ƙara minti huɗu a tsaye. Daga baya gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya tashi, ya rungumi na Tawa, ya fita da ƙafarsa yana duban benen rana.

Na yi kuka a cikin hijabin Hamdiya. Ba don ya faɗi ba.

Lahadi, 27 ga Disamba

Dakoro. Muryata ta dushe tun ran Laraba, sanyin mota ne. Maƙwabta sun tambayi tabarau, na ce likita ya ce in koma.

Talata, 29 ga Disamba

Sun zo gaisuwa da hantsi, shi da Mata. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, ni ina ciki na ba da gefe. Na ce wa Mata ta ce mishi sannu da ƙoƙari. Ta ce, "Kin yi asara, Hafsatu, da kin karɓi katin nan. Har wata muka ji a benen rana, ta fi makaɗa amo." Na ce mata masu baki sun yi yawa a Maradi. Da ƙyar maganar ta fito. Mata ta kama tari, wai ƙura ce.

Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Da suka tafi na fito shara, na iske kwalba a inda ya tsuguna. Zuma ce, farar saƙa, irin wadda ake ba mai ciwon maƙogwaro.

Na sha cokali biyu da ruwan ɗumi. Ba laifi. Ɗana Jimrau ya iya zaɓen zuma.