Ashafa Bafaranshen Gwammaja

Gwammaja, birnin Kano
Farkon watan Rajab

Zuwa ga maiɗakina Turai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da jaririyarmu Indo, kuma ruwan wankan jego bai fi ƙarfinki ba. Ki gaishe mini da Baba Malam da Inna da duk mutanen gidan Ɗambatta. Ni lafiya lau, sai dai tuwon saye da nake ci a bakin Ƙofar Ruwa, wanda ko kusa da naki bai kai ba.

Na hanzarta rubuto miki ne don in riga fatake, domin na san labarina ya kamo hanya. In an ce miki an gan ni da gajeren wando, ƙarya ne, nawa ne na naɗe zuwa gwiwa. In kuwa an ce na zama Bafaranshe, to wannan yana da bayani.

Kin san filin da na daɓe wa Likita Mai Lofe a bayan ganuwa, inda Turawa ke ɗaura raga a tsakiya suna dukan ƙwallo da wani abu kamar rariya mai mariƙi. Tanis suke ce wa wasan. Kin kuma san Likita yakan miƙa mini rariyar in ya rasa abokin wasa, har kina ce mini mai tankaɗen iska.

To, wai a can Turai ƙasashe kan tara mazajensu su kara a wannan wasa, ƙasa da ƙasa. Turawanmu na Ingila suka ce su ma sai sun yi nasu, suka gayyato Faransawan Damagaram. Biyu suka taso, raƙumi ya kayar da ɗaya a hanya, ya iso da kafaɗa a ɗaure. Wanda ya rage wani gajere ne ja jawur, kafin ya sauke kaya an raɗa masa Kumandan Barkono. Ya ce ɗai-ɗai zai iya da kowa, amma wasan bibbiyu fa? Yana cikin faɗa ya hango ni ina mayar wa Likita ƙwallo. Ya sa tafinta ya tambaye ni inda aka haife ni. Na ce a wani zango kusa da Magarya, iyayena suna hanyar fatauci. Ya daka tsalle ya ce ƙasar Faransa ke nan. Likita ya yi dariya har lofensa ya faɗi, ya ce ya yarda in buga wa Faransa.

Ashe tun ran da Turawa suka ja layin iyaka a takarda ni Bafaranshe ne, ba wanda ya gaya mini. Ki lallaɓa Baba Malam kafin ya ji a bakin wani.

Ki sumbatar mini Indo.
Mijinki, Ashafa magini

Gwammaja
Tsakiyar Rajab

Turai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙon Baba Malam ya iso ni ta bakin yayanki Shehu, bai rage ko kalma ba. Ya ce shi da ya gudo daga ƙasar Faransa da ƙafarsa saboda aikin tilas, bai ba Faransa 'yarsa ba, kuma ba za ki dawo ba sai an tabbatar ko ni na wane ne. Tun da na ji haka abinci ya daina mini daɗi. Ɗakinki nake buɗewa in tsaya ina kallon jerenki.

Nan ma ban huta ba. Kumandan ba ya kirana sai Mushe Ashafa. Tafinta ya rantse mini cewa a bakinsu girmamawa ce, kamar a ce Malam. Na ce ya je Gwammaja ya yi wannan bayani, don yanzu ko masallaci na nufa sai in ji ana Allah ya jiƙan mushe. Da na ce bari in gwada hannuna a katangar gida, ƙwallon ya tsallaka ya fasa tulun maƙwabciyarmu Iya Kande, ta fito ta ce dama an ce Faransawa ba su da mutunci.

An yi wasan ɗai-ɗai. Kumandan ya cinye Joji, wato Baturen shari'a, Likita kuma ya cinye Kumandan. Saboda haka komai ya rataya a kan namu na bibbiyu, ni da Kumandan a gefe guda, Likita da Joji a ɗaya gefen. Mai unguwa ya zo har zaure ya ce, "Ashafa, kai a Kano kake kwana. Shi ja ɗin nan gobe zai hau raƙumi ya tafi, Joji kuwa yana nan. Ka yi tunani."

Na yi tunanin. Zan faɗi cikin ladabi, kowa ya huta. Ki gaya wa Baba Malam surukinsa zai kayar masa da Faransa da hannunsa.

Ni ne naki,
Ashafa

Gwammaja
Ƙarshen Rajab

Turai, hasken gidana,

Ina gaishe ki, ina gaida Indo, Allah ya sa ta daina kukan cikin nan. Ki zauna kafin a karanta miki wannan.

Ranar wasa mutane suka cika kan ganuwa kamar an ce ana rabon nama. Na fara yadda na shirya, duk ƙwallon da ya zo in sa shi a raga. Kumandan yana ta surfa mini zagi da yarensu, ni kuwa ina cewa amin. Da aka juya gefe, Likita ya tsayar da ni, ya ce da Hausarsa mai kama da tafiyar agwagwa, "Ashafa, Joji ya gane. Ya ce in ka ba shi wasa kyauta, ka raina shi ke nan." Na duba Joji, na ga fuskarsa ta fi ta Kumandan ja. In na ci na yi laifi, in na faɗi na yi raini.

Ina tsaye ban san abin yi ba sai na ji kalangu daga kan ganuwa. Ado mahauci ne ya ɗauko makaɗinsu, yana kiran Ashafa na Turai, mai daɓen da ba ya tsagewa. Da na ji sunanki a bainar jama'a, wallahi ban san sa'ad da hannuna ya saki ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin wasan nan. Na manta da Ingila, na manta da Faransa, ƙwallo kawai nake gani. Na ƙarshen da na buga ya bi ta tsakanin ƙafafun Joji, ya sunkuya yana nemansa ta ƙasa, hularsa ta faɗi. Muka ci.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so ki ji daga bakina. Kumandan ya rugo ya rungume ni, ya sumbace ni a kunci, dama da hagu, a gaban Kano duka. Wai haka suke yi. Na yi wanka da sabulun salo, amma har yau Ado in ya gan ni sai ya rufe kumatunsa ya ruga.

Washegari Joji ya aiko a kira ni. Na yi sallama da maƙwabta, na bar wa Iya Kande amanar awakinki. Na tarar da shi da Kumandan sun baje taswira suna ta musu. Joji ya kwana yana bincike, ya gano zangon da aka haife ni yana kudu da layin, wato ni na Ingila ne, cin Faransa bai ci ba. Kumandan ya ce rijiyar zangon tana arewa, kuma ba a haihuwa ba ruwa. Suka tambaye ni ko a wane gefen rijiya mahaifiyata ta durƙusa. Na ce ran Joji ya daɗe, ina wurin, amma ban lura ba.

A ƙarshe Joji ya buga hatimi cewa ni Bakano ne, talakan Ingila, Kumandan ya hau raƙumi yana cewa zai kai ƙara. Ga takardar nan na ba Shehu ya nuna wa Baba Malam. Ranar Juma'a in Allah ya yarda zan zo da jakuna biyu in ɗauke ku.

Sai dai ki zo da haƙuri. Ina fitowa Joji ya biyo ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata, ya ce tun da yanzu ni nasu ne, baɗi da ni za a je Damagaram a rama. Na tambayi Likita ko su ma suna sumba in an ci. Ya ce a'a, su hannu kawai suke bayarwa. Shi ya sa na amsa.

Mijinki mai begenki,
Ashafa