Famfon Manasseh

Kazaure,
Fabrairu, 1977.

Zuwa ga matata Rhoda, Maman Helen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya kamar yadda nake. Yaya Helen da tarin nan nata? Yaya Mama da sauran mutanen Zonkwa? Saƙon acca da citta ya iso. Accar na ɓoye, cittar kuwa Inna Rahamatu, matar mai gidan da nake haya, ta karɓe, ta ce in gaya miki kunun gidan nan ya samu gata.

Kin yi ƙorafi cewa na daina zuwa gida. Wallahi aiki ne. Tun da aka kafa ƙaramar hukuma a madadin En'e ake ta ɗaukar ma'aikata, ofishin kuwa yana nan yadda Turawa suka bar shi. Malamin gona da malamin dabbobi tebur ɗaya suke rabawa. Malamin daji a baranda yake zama, in iska ta taso ya bi takardunsa da gudu. Kotu zaure ɗaya ce, mutanen Roni da Gwiwa su zo tun safe su wuni a gindin bango. To yanzu za a yi sabon gini, kuma mijinki aka ɗora wa raba ɗakuna.

Ki zo ki ga farin jini! Waɗanda da ba sa amsa gaisuwata yanzu Injiniya suke kira na, alhali ni mai zane ne kawai. Malamin ilimi ya ce tagogi biyu yake so, don ya ji ma'aji biyu zai samu. Kowa na neman wurin rataya fanka, wutar ma ba a ja ta ba tukuna.

Abin da na fi alfahari da shi kotu ce. Na sa ta gaba, da ɗakin alƙali, da rumfar jira ta mata daban. Sannan a nan, in mai ƙara bai kawo shaidu ba, wanda ake ƙara ke rantsuwa da Alƙur'ani, kuma sai ya yi alwala tukuna. A tsohuwar kotu sai mutum ya taka har rijiyar bayan kasuwa. Ni kuwa na zana musu famfo a bakin ƙofa. Ba ci gaba ke nan ba?

Abu ɗaya ke damu na. Malam Mamuda, mai gidan nan da ke kira na ɗansa, sun saɓa da ƙanensa Hamma a kan wata fadama da mahaifinsu ya bari wajen Roni. Da duk Juma'a Hamma na zuwa, mu ci tuwo mu uku a akushi ɗaya. Tun kaka bai sake takowa ba. Ga Amna, 'yar Hamman, a gidan, Inna Rahamatu ke riƙonta tun yaye, ita kaɗai ce ƙaramar da ke sa gidan dariya. Na dai ce harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Ki sumbaci Helen. Ina kewarku ƙwarai.

Mijinki,
Manasseh.

Kazaure,
Afrilu, 1977.

Maman Helen,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji daɗi da tarin ya tafi. Yaya zafi a wajenku? Namu kam ba a magana. Yaya 'yan makarantarki?

Hamma ya kai ƙara. Ranar da sammaci ya zo Inna Rahamatu ta shige ɗaki da Amna.

Sai ga wani abu da ya rage mini kuri. Alƙali ya zo duba harsashin gini, dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya yaba komai, har rumfar mata. Da muka iso inda na kafa turken famfo sai ya tsaya ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko ba za a iya kai shi can nesa ba. Na ɗauka wasa yake. Ya ce in zo kotu ranar kasuwa in zauna, gani ya kori ji.

Na je. Shari'ar wasu maƙwabta ce a kan wani bijimi, babu shaida, rantsuwa ta faɗa kan ɗaya. Mutumin ya miƙe idonsa jajur, yana cewa a kawo Littafin yanzu. Alƙali ya tura shi rijiya, mai ƙara da masinja na biye, don haka yake yi kullum. Na bi su. Rhoda, ashe tafiyar nan ita ce shari'ar. Dangi suka bi baya, wannan ya ja riga, wancan ya tuna musu auren da ke tsakaninsu, wata gwaggo tana ta kiran sunan iyayensu da suka rasu. Rana na dukan kowa. Kafin a zura guga zuciya ta sauka, suka dawo da sulhu.

Alƙali ya ce mini rijiyar nan ta fi shi yanke shari'a. Ya ce rantsuwa takan kashe magana, amma takan tafi da zumunci, don wanda ka sa ya dafa Alƙur'ani ba zai ƙara sa hannu a akushinka ba. Mai zafin rai in ya samu ruwa kusa, zai rantse kafin hankalinsa ya dawo. Nan take Malam Mamuda ya faɗo mini a rai.

Na kai wa Sakataren ƙaramar hukuma maganar. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ƙasa duk ta fuskanci gaba, Manasseh kaɗai ke neman komawa baya. Abin da ya cece ni shi ne yawanmu. An sake buɗe sashen lafiya da na ciniki, dole a ƙara jerin ofisoshi a baya, kuma dole bututu ya kai can. Ya ce in kai famfona duk inda na ga dama, amma ranar da manya suka zo daga Kano suka tambayi wanda ya yi wannan wauta, sunana zai faɗa. Na kai shi ƙarshen fili, bayan ofisoshi duka. Magina har sun raɗa masa suna Famfon Manasseh, kuma ba yabo suke nufi ba. In kin ji an yi wa mijinki dariya, kin san dalili.

Ki gaishe da Mama, ki ce maganin da ta aiko na ƙurajen zafi ya yi aiki.

Naki,
Manasseh.

Kazaure,
Nuwamba, 1977.

Rhoda,

Ina gaisuwa, da fatan kun yi girbi lafiya. Yaya Helen? Wasiƙar nan gajeriya ce, raina ba daɗi.

Mun tare a sabon gini. Malamin daji ya samu ɗaki da ƙofa, ya wuni yana buɗe ta yana rufewa. Kotu ma ta taso.

Shari'ar su Malam Mamuda ta zo ƙarshe. Shaidun Hamma, ɗaya ya rasu da damina, ɗayan ya bi fatauci ta Babura ya tsallaka Nijar, ba labarinsa. Saboda haka rantsuwa ta hau kan Malam Mamuda, ranar Litinin, a kotun da na zana da hannuna. Hamma ya aiko cewa ranar da aka rantse, ranar zai ɗauke 'yarsa. Inna Rahamatu ta daina cin abinci sosai, kullum tana wanke kayan yarinyar tana ninkewa.

Na roƙi Malam Mamuda kada ya rantse. Ya saurare ni har na gama, ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, sannan ya tambaye ni ko na ci abinci. Na gane an sallame ni. Kuma na yarda gaskiya gare shi, abin da ke ba ni tsoro ke nan, don ba abin da zai riƙe hannunsa. Ga gwiwarsa ta kumbura tun shigowar sanyi, da sanda yake tafiya. Yanzu har ina jin nauyin nisan da na sa wa famfon, kada ya zama wahalar banza na ɗora wa dattijo.

Ki sa su a addu'a ranar Lahadi.

Manasseh.

Kazaure,
Nuwamba, 1977.

Matata abar ƙaunata,

Gaisuwa da murna. Ina fatan ke da Helen da Mama kuna lafiya. Zauna ki karanta wannan a hankali.

Litinin ta zo. Ban iya aiki ba, na tsaya a tagar ofishina da ke kallon fili. Wajen tsakar rana suka fito, Malam Mamuda a gaba da sandarsa, Hamma a baya ya ɗaure fuska, masinja na biye, dangi can baya. Suka wuce ofishin ilimi mai tagogi biyu, suka wuce na ma'aji. Wajen na gona Malam Mamuda ya tsaya ya dafa bango. Dangin ma da nake sa ran za su ja riga, ba wanda ya matso, don sun san halin mutanen biyu. Na ce shi ke nan, na sha dariyar banza. Na fito na bi su daga nesa.

Suka wuce sashen dabbobi da na lafiya a hankali, dattijon yana jan ƙafa. Na lura Hamma ya daina kallon gefe, ƙafar yayansa yake kallo. Kusan shekara rabon da ya gan shi a tafe.

Da suka isa famfo, Malam Mamuda ya yi ƙoƙarin tsugunawa, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, sanda ta zame. Masinja ya yunƙura zai taimaka, amma Hamma ya riga shi. Ya tattare riga, ya zaunar da yayansa kan bulo, ya cika buta ya tsuguna yana zuba masa ruwa. An ce tun suna yara shi ke riƙe masa buta, hannunsa ne ya tuna kafin zuciyarsa. Da aka zo wanke ƙafa, Malam Mamuda ya ja wando sama, Hamma ya ga kumburin. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu ya kasa saki. Sai na ji ya ce, “Yaya, haka ta zama ba a gaya mini ba?” Malam Mamuda ya ce, “Wa zai gaya maka, kai da ka daina zuwa?”

Rhoda, Hamma, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya fashe da kuka a gaban akawuna. Ya ce wa masinja ya je ya shaida wa alƙali ya janye ƙara, ba zai sa yayansa ya dafa Littafi a kan ƙasa ba. Malam Mamuda ya ce shi ma gefen fadamar da ke bakin rafi ya fi ƙarfin ƙafarsa, Hamma ya noma. Suna nan zaune aka kira azahar. Alwalar da aka yi don rantsuwa, da ita Malam Mamuda ya yi salla, ƙanensa a gefensa. Ni ma na koma bayan ofis na yi tawa godiyar, ban ɓoye miki ba, na share hawaye.

Da aka tashi alƙali ya biyo ta ƙofata. Bai yi doguwar magana ba, cewa ya yi da na ƙara wa famfon nisa kaɗan ma ba laifi. Manyan Kano ba su zo ba tukuna. In sun zo, Sakatare ya faɗi sunana da ƙarfi, har da na mahaifina.

Inna Rahamatu ta kwance ƙunshin kayan Amna. Ta ce lallai ki zo da Helen hutun Kirsimeti, yarinyar na son ƙawa, kuma kada ki manta citta. Ki taho da acca da yawa, don ranar Juma'a mun koma mu uku a akushi, kuma Hamma ba ya wasa da loma.

Ubangiji ya kiyaye mini ku har mu sadu.

Mijinki mai kewarki,
Manasseh.