Sawun da Ke Bakin Kududdufi

Daga ofishin Babban Daraktan Hukumar Binciken Dabbobin Zamanin Da,
zuwa ga ɗan boko, mai karatu da gilashi a kan hanci.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya ciwon idon nan naka? Kada ka yi mamakin ganin takardar hukuma da ajami. Sakatarena ne ba shi da lafiya, na sa wani ɗan makarantar allo ya rubuta.

Rahoto ne ya iso teburina game da ƙaninka, wannan shaƙiyyin da ya taɓa zuba maka kwaɗo a takalmi. An ce kafin ka tafi aiki kakan karanta masa wani littafi a bakin kududdufin bayan gidanku, kana juya masa shi da Hausa. Labarin masu haƙar rijiya ne da suka ɓulla cikin wani kogo, suka tarar da dainoso ta ƙarshe a duniya, ƙatuwar ƙadangaruwa mai tsawon gida, kwance kan ƙwanta. Ka tsaya daidai inda suke gardamar su kashe ta ko su bar ta, ka ce sai ka dawo. An ce har tsohon guzan nan da kuke kira Dattijo yakan fito shan hantsi kusa da ku, kana cewa shi ma ɗalibinka ne.

To, ƙanin naka ba ya iya boko, hotuna kawai yake kallo. A ciki ya ga hoton sawu mai yatsu uku. Sai ya yanka tsohuwar taya, ya fitar da irinsa guda biyu, kowanne ya kai faɗin tire. Wata safiya bayan ruwan sama ya ɗaura su a ƙafa, ya taka daga bakin ruwa har bayan shagon tela, ya koma. Nufinsa tela ya tsorata, shi ya yi dariya, shi ke nan.

Ya kuwa yi dariyar har da riƙe ciki. Tela ya auna sawun da tef ɗinsa, ya rantse wannan abu zai haɗiye saniya ba tauna. Mai wanki ya ce shi dama ya daɗe yana jin numfashi a cikin ciyawa. Inna ta hana kowa fita ta ƙofar baya.

A makon nan akuyar tela ta ɓata.

Daga nan wasa ya fita hannun mai shi. Matasa suka zuba fetur suka cinna wa ciyawar bakin ruwa wuta. Aka kawo injin ban-ruwa, kwana biyu yana zuƙa har taɓo ya fito. Kifaye suna ta mutsu-mutsu, tsuntsayen da ke saƙa a kan ciyawar suna kewaya hayaƙi ba wurin sauka. Dodo dai ba a gani ba. Dattijo aka gani, ya maƙale a bakin raminsa. Wani ya ce ai ɗan dodon ne. Da sanduna suka gama da shi, Yaya.

Ƙaninka yana tsaye a wurin. Tayoyin suna ƙarƙashin gadonsa, taku ashirin ne tsakani. Da ya ruga ya ɗauko su ya nuna, iyakarta ya sha mari. Tsoron marin ya riƙe masa baki. Washegari aka ga akuyar a gidan surukin tela, tana tuƙa abinta.

Ashe kuma Dattijo mace ce. Da suka fasa surin da ke gefen ramin, ƙwai suka tarar. Yawanci an tattake, biyar suka tsira. Ƙaninka ya kwashe su a hularsa, ya binne cikin tsohon tulu da yashi mai laima, ya ajiye a ɗakinka. Kullum sai ya kara kunne. Bai san ko da rai a ciki ba, kuma ko sun fito bai san ruwan da zai kai su ba, don an fara zuba shara a ramin kududdufin.

Inna tana cewa yaron ya yi hankali, ya daina tsokanar mutane. Ba ta san komai ba. Ba wanda ya sani sai kai yanzu.

Na san tun daga layin farko ka gane hannun. Kuma na ga bakina ya suɓuce na kira ka Yaya a sama, ban goge ba. Babu wata hukuma, babu sakatare. Na ari rigar Darakta ne don na kasa rubuta “ni ne”. To, ni ne. Ni na yanka tayar, ni na yi shiru.

Ka zo ka yi mini duk abin da ka ga dama, ba zan gudu ba. Amma ka fara gaya mini yadda ake riƙon ƙwan guza. Littafin yana nan cikin akwatinka. Na daina buɗe shafukan ƙarshe, don yanzu ina tsoron na san abin da masu haƙar rijiyar suka yi.

Inna tana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Shaƙiyyin Inna