Ƙofar da Aka Toshe a Tregonnick

Tregonnick,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Jory,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Narelle da yara. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a gonar, ya kawo muku ruwan da ka ce kuna jira can Tasmaniya. Mu nan ruwa har ya ishe mu, sati uku ke nan ba mu ga rana sosai ba. Maigidana Clem ya sauko da tumaki daga kan tudu, gwiwarsa na damunsa amma ba ya yarda a faɗa. Gwaggo Hester ta cika tamanin da tara, har yanzu ita ke shirya furannin coci tana faɗa da duk wanda ya taɓa su.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Yuni yake asibiti, likitoci kuma sun ce ba za su sallame shi zuwa gida ba sai in keken guragu zai iya kai shi daga gado zuwa banɗaki. In hakan bai yiwu ba, sai gidan tsofaffi. Bene ya fita daga lissafi, don matakalar dutsen nan mai murɗewa ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Muka yanke a gyara masa ƙaramin falo, sai ƙofar dutsen nan mai lanƙwasa kamar baka da ke tsakaninsa da babban zaure ta hana, ita ce kuwa kaɗai hanyar shiga falon. Clem ya auna sau uku, keken ya fi ta faɗi da yatsu uku kacal. A takardarka ka ce mu sassabe dutsen kawai, wa zai sani. Na gane tausayi ne ya sa ka faɗi haka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan yana cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, ko ƙusa ba a bugawa a wannan bangon sai da takardar izini, wanda ya fasa kuwa kotu ce za ta ji shi.

Abin da ban zata ba shi ne Baba ya goyi bayanka. Mutumin da ya hana Mama rataya madubi a zauren nan har ta bar duniya, da na je duba shi sai ya ce in samo guduma, dutse ba ya jin zafi, shi kuwa yana ji. Ya ce shekara sittin yana yi wa gidan bauta, yanzu bari gidan ya rama. Maganarsa ba ta fita sosai, amma wannan ta fita tsaf. Clem ma ya ce in na juya baya na minti goma zai gama aikin. Ban juya ba, na dai rubuta wa hukuma.

Suka turo wata Misis Angove, 'yar gajeruwa, da takalmin roba da tocila. Ta shafa bakan ƙofar ta ce shekararsa ɗari shida, ga alamar maginin da ya sassaƙa shi nan a gefe, kuma ba za ta sa hannu a taɓa shi ba ko da mahaifinta ne a kwance. Clem ya ce mata to sai ta zo ta riƙa ɗaukar tsohon a baya safe da yamma. Ba ta ji haushi ba, ta ce a ba ta shayi da tsani.

Wuni guda ta yi tana zagaya gidan. Ta hau cikin rufi ta kira ni in ga azara, baƙa ƙirin da kunkunniya. Ta ce asali zauren ba shi da bene, wuta a tsakiyar ɗaki ake hurawa, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta sama. Sai bayan shekara ɗari da hamsin aka gina murhun bango da bututun hayaƙi, aka raba tsayin zauren biyu, aka sami ɗakunan da muka kwana a ciki muna yara. Manyan tagogin gaba da katakon da ya rufe bangon falo kuwa aikin kakan kakanmu ne, lokacin da ya sami arzikin kuza ya so gidan ya yi kama da na birni. Ta ce kowane zamani ya ɗinka nasa ƙyalle a jikin gidan nan, ba hukumarsu ce za ta hana namu ba, sai dai a san inda za a soka allura.

Da yamma ta kai ni bayan falon, wajen da itacen tuffa ya jingina da bango. Ta nuna mini layi biyu a tsaye inda duwatsu ba su shiga juna ba. Shekara hamsin da takwas ina wucewa ta nan ban taɓa gani ba. Ta ce ƙofa ce, mai faɗi kuwa, ta nan ake mirgino gangunan giyar tuffa kafin a mai da ɗakin falo. Toshe ta aka yi daga baya, don haka buɗe ta maido da gidan ne yadda yake, za ta ba da izini a cikin sati biyu. Haka kuwa aka yi.

Perran Hocking magini ya yi aikin. Da ya cire katakon ciki sai ga jan bulo, ya zare su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar ginin ya tarar da takalmin yaro ƙafa ɗaya, fata ta bushe ta ƙanƙance. Ya ce ya sha ganin irinsa, mutanen zamanin da ne suke sawa don tsari. Misis Angove ta ɗauki hotonsa, Perran ya ce shi dai ba zai kai shi gidan tarihi ba, ya mai da shi cikin kaurin bangon ya shafe da farar ƙasa. Ya zuba gangare daga dokin ƙofar zuwa tsakar gida, aka mai da tsohon ɗakin madara da ke tsakar gidan banɗaki. Bakan ƙofar zaure kuwa yana nan yadda ka san shi.

Baba ya dawo ran Talatar da ta wuce. Ya dubi sabuwar ƙofar ya ce iska za ta riƙa shigowa, sannan ya nemi shayi. Ba ya iya shiga zaure, sai dai a tura shi bakin bakan ya leƙa, kuma bai sake tada maganar guduma ba. Yana cin abinci kaɗan. Likita ta gaya mini a tsaye a tsakar gida cewa zuciyarsa ta gaji, kada mu sa rai zai ga haihuwar tumaki ta baɗi. Ban gaya masa ba, ina jin ya sani.

Ya sa an juya gadonsa yana fuskantar ƙofar. Daga nan yana ganin hanya har zuwa gada. Duk motar da ta sauko sai ya tambayi ta waye, in na faɗa masa sai ya ce to. Bai ambaci sunanka ba, ka san halinsa, ni ma ba zan ce ya ambata ba. Shekara bakwai ke nan rabonka da gida. Zumunci a ƙafa yake, Jory. In za ka zo, ka zo kafin Kirsimeti.

Ka gai da Narelle, ka ce na gode da hotunan. Ka gai da Lowenna da Kit, Allah ya raya su. Clem da Gwaggo Hester suna gaishe ku.

Ni ce yayarka,
Morwenna.